Tocilar zamani da yaren masu ita: jagorar sabon shiga

Tocilar da muka taso da ita ba ta da wani ɓoye-ɓoye. Ka tura makunni gaba ta kama, ka jawo shi baya ta mutu. In haske ya fara ja, ka kwance gindi ka fito da batir, ka shanya shi a rana ko ka ɗan gatsa shi da haƙori, ya ƙara maka dare ɗaya. Karatun ke nan gaba ɗaya.

Da wannan ilimin na tari ta farko da na saya cikin irin waɗanda 'yan harkar ke ji da su: 'yar guntuwa, tafin hannu ya rufe ta, makunni ɗaya tak a gefe. Na danna ta kama. Na shiga danne-danne da sauri don in ga iya ƙarfinta, sai ta ƙifta sau ɗaya ta yi shiru. Daga nan in na danna sai ta ba da wani ɗan haske kamar na makesu, ina sakin yatsa ta ɗauke. Kwana biyu tana cikin durowa ina jin takaicin kuɗina. Ashe lafiyarta ƙalau, ni na kulle ta da hannuna, don danna huɗu a jere a yarenta yana nufin ta kulle kanta.

Irin waɗannan tociloli suna da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, mai ɗauke da manhaja. Wadda ta fi yaɗuwa tsakanin masu sha'awar abin ita ce Anduril, wadda wata mai rubuta manhaja da aka fi sani da ToyKeeper ta ƙirƙira ta sake ta kyauta. Za ka same ta a Emisar D4V2, da Wurkkos TS10, da Lumintop FW3A, da wasu na kamfanin Sofirn. A kan zubinta na biyu, Anduril 2, zan gina bayanin nan, don wanda ya iya ta, sauran ba za su ba shi wahala ba.

Mataki na farko: ka fara da batir, ba da makunni ba

Kwance murfin gindi ka duba. Sau da yawa sabuwar tocila tana zuwa da ɗan faifan roba ko takarda a kan batir don kada ta kama a hanya. Cire shi. Mutane da yawa sun yi zaton an sayar musu da matacciya saboda wannan ɗan abin.

Lambar da ke jikin batir girmansa take faɗa. 18650 na nufin kauri milimita 18, tsawo milimita 65. 21700 ya fi shi kauri da tsawo kaɗan. Shi kuwa 14500 a ido daidai yake da batirin AA na rediyo, kuma nan ne tarkon yake: AA bolt 1.5 ne, 14500 kuwa in ya cika bolt 4.2 yake kaiwa. Ka sa shi a abin da aka yi don AA, ka ƙone shi. Ka sa AA a tocilar da ke son 14500 kaɗai, ko motsi ba za ta yi ba.

Akwai mai kai a baje, akwai mai ɗan tudu a ka. Akwai kuma wanda aka liƙa wa ƙaramin allon kariya a gindi, wanda ke sa ya ɗan fi tsawo. Emisar D4V2, misali, mai bajajjen kai take so, marar allon kariya, wanda zai iya ba da wuta da yawa lokaci guda. Saboda haka ka karanta abin da mai tocilar ya ce kafin ka je kasuwa.

In ka ga batirin 18650 an rubuta masa 9900mAh, wato awon yawan cajin da yake ɗauka, ajiye shi ka wuce. Na ƙwarai daga Samsung, LG, Panasonic, Murata ko Molicel yawanci tsakanin 2500 ne zuwa wajen 3500. Mai ƙaryar lamba galibi ko a hannu za ka ji shi sakayau. Wanda aka farke daga tsohon batirin kwamfuta kuma, yana iya yin aiki, amma ba ka san wahalar da ya sha ba. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne rigar robar da ke jikin batir. Duk gangar jikinsa ɓangare ɗaya ne na wuta, ɗaya ɓangaren yana can saman kai, tazarar da ke tsakaninsu kuma kaɗan ce. In rigar ta yage kusa da kai, ƙarfe kaɗan ya isa ya haɗa su. Kada ka jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makullai, kada ka bar shi a mota cikin rana.

Mataki na biyu: wane irin makunni ne a hannunka

Iri biyu ne manya. Akwai mai yanke wuta da gaske, wanda yawanci yake a gindi, kana danna shi ka ji ƙas mai nauyi. Shi ma ya kasu biyu. Wani in ka ɗan taɓa shi tocila na kashe sai ta haska, ka saki ta mutu, sai ka danna har ƙasa ta zauna a kunne. Masu tsaro sun fi son wannan. Wani kuwa sai ka danna har ƙasa ka saki sannan ta kama, daga nan rabin danna ne ke sauya ƙarfin haske. Convoy S2+, wadda da yawa suka fara da ita saboda arha, irin wannan na biyun gare ta. Kalmomin da za ka gani a rubuce su ne forward clicky ga na farko, reverse clicky ga na biyu.

Ɗaya babban irin shi ne makunnin lantarki, e-switch a bakinsu. Ba ya yanke komai, saƙo kawai yake kai wa ƙwaƙwalwar. Taushi gare shi, ba ya nutsewa da nisa. Shi Anduril take amfani da shi. Tunda ƙwaƙwalwar kullum tana zaune tana jiran saƙo, tocilar tana ɗan tsotsar batir ko tana kashe. A mai kyau abin bai taka kara ya karya ba, amma in za ka ajiye ta watanni, ka sassauta gindi.

Mataki na uku: C da H

Nan ne mabuɗin komai. In ka ga an rubuta 1C, 2H, 4C, 10H, kada ranka ya ɓaci, haruffa biyu ne kacal. C danna-ka-saki ne. H danna-ka-riƙe. Lambar kuma yawan dannawa ce, sai dai a H, ta ƙarshen ce kaɗai ake riƙewa. Wato 2C: danna, danna. 2H: danna, sannan ka sake dannawa ka riƙe. 10H: tara da sauri, ta goma ka riƙe. Tsakanin danna da danna kada ya kai rabin daƙiƙa, in ba haka ba za ta ɗauka ka gama magana ka fara wata.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi rikita sabon shiga: umarni ɗaya yana da ma'ana daban gwargwadon halin da tocilar take ciki. 3C tana kashe daban, 3C tana kunne daban. Duk sa'ad da ka karanta umarni, tambayi kanka: daga kashe ko daga kunne?

Shiga ɗaki ka rage haske, ka juya kanta ga bango, kada ka kalli ƙwan. Gwada waɗannan bi da bi.

Tana kashe, 1C: ta kama a ƙarfin da ka bar ta a baya. Sake 1C ta mutu.

Tana kashe, 1H: ta kama a mafi ƙanƙantar haske. Wannan suke kira moonlight, hasken farin wata, sau da yawa ko lumen ɗaya, wato ma'aunin yawan haske, bai kai ba. In ka ci gaba da riƙewa za ta fara hawa.

Tana kunne, 1H: haske ya dinga ƙaruwa sannu a hankali, ka saki inda ya yi maka. 2H: ya dinga raguwa. In ka saki ka sake riƙewa nan take, sai ya juya alƙibla. Wannan hawa da saukar ita ce ramp, ni dai gangara nake ce mata. Ƙasanta floor, samanta ceiling, wato daɓe da rufi.

2C, ko daga kashe ko daga kunne: tsalle ɗaya zuwa rufi.

Wallahi wanda ya tsaya nan ya samu kusan duk abin da yake buƙata a rayuwar yau da kullum. Ka yi kwana biyu kana maimaita su har yatsa ya haddace. Wanda zan ce ka fi ba muhimmanci shi ne 1H daga kashe. An ɗauke wuta cikin dare, yara na barci, kana neman takalmi: danna ɗaya na iya watso hasken da ka yi amfani da shi a tsakar gida jiya, ya tashi kowa ya kuma kashe maka ido. Riƙewa kuwa kullum daga ƙasa take farawa.

Mataki na huɗu: kulle

4C, ko tana kashe ko tana kunne, ta kulle. 4C kuma ya buɗe ta, ta kama. Tana kulle in ka riƙe makunni za ta ba ka ɗan haske muddin yatsa na kai, wanda ya isa ka ga ramin makulli ba sai ka buɗe ta ba. Wannan ne hasken makesun da ya ruɗe ni.

Kada ka ɗauki kullewa abin ado. Ƙaramar tocila mai ƙarfi in ta kama da kanta a aljihu tana iya ƙona yadi. Ni ma sai da ta huda min aljihun wata shadda a hanyar ɗaurin aure, ƙauri na fara ji kafin zafi. Hanya mafi tabbas ita ce ka murɗa murfin gindi baya kamar rubu'in zagaye, wuta ta yanke gaba ɗaya. Yana aiki ne a tocilar da zaren murɗinta yake da baƙin rufi irin na jikinta. In zaren farin ƙarfe ne tsirara, ko tocilar jan ƙarfe ce zalla, wutar za ta ci gaba da bi ta nan, sai ka dogara da 4C. In da ƙananan yara a gidan, yi duka biyun.

Mataki na biyar: tambayi batir

Tana kashe, 3C. Za ta ƙifta wasu adadi, ta ɗan tsaya, ta sake ƙiftawa. Ƙirga: huɗu, tsayawa, ɗaya, bolt 4.1 ke nan. Uku, tsayawa, bakwai, 3.7. Sifili wata 'yar gajeriyar walƙiya ce da ba ta kai sauran tsawo ba. Sababbin zubi suna ƙara lamba ta uku, ka ga 4, 1, 6.

4.2 cikakke ne. Wajen 3.7 ya kusa rabi. In ka fara ganin 3.3 nemi caja. Ƙasa da 3.0 kaɗan ita da kanta za ta dinga rage haske har ta kashe kanta, don batirin lithiyam ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Wannan kariyar ce ake taƙaitawa LVP.

In tana da wurin cajin USB-C a jiki amma ta ƙi caji da wayar da ke da C a kai biyu, kada ka yanke mata hukunci. Wasu masu arha sai da waya mai babban kai a gefe ɗaya suke karɓa.

Mataki na shida: babban zaure

Anduril 2 tana da fuska biyu, mai sauƙi da cikakkiya, kuma galibi a mai sauƙin take fitowa daga kwali. Duk abin da na lissafa a sama yana aiki a mai sauƙin. In kana son sauran, tana kashe ka yi 10H. In kana son komawa, 10C daga kashe. Kafin ka ba wani aro, musamman dattijo ko yaro, mayar da ita mai sauƙi.

A cikakkiyar, 2C tana kunne yana kai ka turbo (a wasu sai ka riga ka kai rufi tukuna), wato iyakar abin da ƙwai da batir za su iya. 3C tana kunne yana sauya gangara mai santsi zuwa matakala, yawanci hawa bakwai, ga wanda yake son ya san daidai inda yake don lissafin batir. A tocilolin da ke da launin haske fiye da ɗaya, 3C launin yake sauyawa.

3H daga kashe yana buɗe sashen wasanni: hasken kyandir mai rawa, na keke, walƙiya iri biyu, da mai kwaikwayon hadari. 2C yana kai ka na gaba. Na kyandir yana da daɗi in ka tsayar da ita a gindinta a tsakar ɗaki. Masu walƙiyar kuwa a kiyaye su kusa da mai farfaɗiya.

Waɗancan ƙananan fitilu masu launi da ke gaban wasu tociloli, da ke ci ko tana kashe, aux ake ce musu. 7C daga kashe yana zagaya da su: a kashe, kaɗan, da ƙarfi, ƙiftawa. 7H yana sauya launi, kuma cikin zaɓin akwai wanda launin ke bin batir, ja in ya kusa ƙarewa, shuɗi ko shunayya in ya cika. Bar su a kaɗan. Ya isa ka gano ta a duhu, mai ƙarfin kuwa cin batir ne.

Yadda ake saiti yana da ɗan sarƙaƙiya, amma tsarinsa ɗaya ne ko'ina. Ɗauki 7H tana kunne, wanda ke saita gangara. Kana riƙe, za ta ƙifta sau ɗaya: zaɓi na farko ke nan, daɓe. Ka ci gaba da riƙewa ta sake ƙiftawa: na biyu, rufi. Ka saki bayan ƙiftawar abin da kake so. Sai ta shiga wani ɓari-ɓari, alamar tana saurare. Nan za ka danna adadin da kake so. Gangarar hawa 150 ce. A daɓe danna ɗaya na nufin hawa na 1, a rufi kuwa daga sama ake ƙirgowa ƙasa.

Mataki na bakwai: in ka ɓata

Za ka ɓata, kowa ya ɓata. In ka tsinci kanka cikin ɓari-ɓarin nan ba ka san yadda aka yi ba, ɗauke yatsa ka jira 'yan daƙiƙu. In ba ka danna komai ba, ba abin da zai sauya.

In ta koma sai kana riƙe take ci, 4C kuma ya ƙi buɗe ta, to 5C ka yi cikin kuskure. Wannan hali ne na aika sigina, makunni ba ya iya fitar da ita daga ciki. Sassauta gindi ka sake ɗaurewa.

In abin ya cakuɗe gaba ɗaya, mayar da ita yadda ta fito. Sassauta gindi, danna makunni ka riƙe, ɗaure gindin kana riƙe, ka jira. Za ta yi ta rawa tana ƙara haske na 'yan daƙiƙu, sannan ta yi wal da ƙarfi. In ka saki kafin nan ka fasa. A yawancinsu 13H daga kashe ma yana yin wannan aikin. 15C kuma yana ƙifto maka lambar zubin manhajar, wadda ita ce farkon abin da masani zai tambaye ka in ka nemi taimako.

Mataki na takwas: zafi, wanda ya fi shafar mu

Ka sa turbo, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka ka ga haske yana ja da baya. Ba lalacewa ba ce. Jikin ƙaramar tocila ba zai iya fitar da zafin da lumen dubbai ke haifarwa ba, sai ƙwaƙwalwar ta rage wuta. Wannan ne step-down. Shi ya sa masu harkar ba sa ruɗuwa da lambar turbo, abin da suke tambaya shi ne nawa take iya riƙewa bayan ta yi zafi. Ga mai batirin 18650 ɗaya, amsar ɗaruruwan lumen ce, ba dubbai ba.

Anduril yawanci a digiri 45 take sa iyakarta. Wanda ke Jamus, ɗakinsa na digiri 20, yana da tazara mai yawa kafin ya kai can. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, iskar kanta ta haura 40 da rana, ƙarfen ya riga ya ɗumama tun kafin a kunna. Dole tasa ta fi saurin ja da baya, ko da tocilar iri ɗaya ce.

Ga wani abin da ba kowa ya lura da shi ba. A wasu tocilolin, in ka mayar da ita yadda ta fito, tana ɗauka cewa wurin da take a lokacin digiri 21 ne, ta daidaita ma'auninta a kan haka. In ka yi wannan a ɗaki mai digiri 36, ka yi mata ƙaryar digiri 15, kuma za ta bar kanta ta yi zafin da hannu ba zai jure ba tana zaton da sauranta. Gyaran ba wuya. Bar ta ta huce sosai. Koma cikakkiyar fuska, daga kashe 3C, tana cikin faɗin batir ka yi 2C, za ta koma ƙifto zafin jikinta. In lambar ta yi nisa da zafin ɗakin, yi 7H, saki bayan ƙiftawar farko, ka danna adadin digirin ɗakin na gaskiya. Zaɓi na biyu a nan shi ne iyakar zafi, kuma daga 30 yake ƙirgawa: danna 20 ya ba ka 50. Ni ban wuce 50 ba, ban kuma ba ka shawarar wucewa.

Mataki na tara: lambobin da ke jikin kwali

Lumen jimillar hasken da ke fita ne, ko ina ya nufa. Kandela ƙarfinsa ne a tsakiyar inda aka auna. Kwatanta da ruwa: lumen yawan ruwan da ke bokiti, kandela yadda ka matse bakin tiyo. Tocila mai lumen 500 da aka matse haskenta tana iya dokan bishiya can ƙarshen gona, mai lumen 3000 da ta baje ba ta kai rabin nan ba. Mai cilla haske nesa thrower ce, mai baza shi flooder. Mai gadin gona ko garke na farko yake so. Makaniki da mai neman kunama a tsakar gida, na biyu.

Akwai ƙa'idar awo ta Amurka, ANSI FL1, da ta fito a 2009, ita manyan kamfanoni ke bi. A ƙarƙashinta ba a ɗaukar awon lumen sai bayan daƙiƙa 30 da kunnawa. Tsawon lokacin aiki ana ƙirga shi ne har sai haske ya faɗi zuwa kashi 10 cikin 100 na farko, don haka awa huɗu a turbo ba ya nufin awa huɗu da hasken turbo. Nisa kuwa ana auna shi zuwa inda hasken ya koma kamar na wata daren sha huɗu. Kandela 10,000 mita 200 ke nan, 40,000 mita 400: sai ka ninka kandela huɗu kafin nisa ya ninka biyu. A aikace raba lambar kwali biyu, nan ne za ka iya bambance kare da akuya.

Ido ma ba ya ƙirga lumen ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ninka kusan sau huɗu kafin ya ga kamar an ninka biyu, saboda haka bambancin 1000 da 1300 bai isa ka ƙara kuɗi ba. Masu rubuta lumen 100,000 a jikin tocilar roba mai zuƙowa kuwa, lissafi kaɗai ya isa ya tona su. A ƙiyasi, wat ɗaya yana ba da lumen ɗari da 'yan kai. Lumen 100,000 sai wutar da ta kusa ta dutsen guga. Batirin 18650 mai 3000mAh duka-duka abin da ke cikinsa bai wuce wat 11 na awa ɗaya ba, wanda a lumen 100 zai kai ka wajen awa goma.

IPX7 na nufin ta jure nutsewa a ruwa mita ɗaya na minti 30, IPX8 ya fi haka. Sharaɗin shi ne zoben robar da ke wurin murɗawa yana nan lafiya, murfin wurin caji kuma a rufe.

Mataki na goma: launin haske, inda musu ba ya ƙarewa

Lambar da ke ƙarewa da K launin farin take faɗa, CCT a taƙaice. 2700K ja-ja ne kamar tsohon ƙwan lantarki. 4000K zuwa 5000K tsaka-tsaki. 6500K fari fat mai shuɗi-shuɗi, irin na yawancin tocilolin kasuwa. Na ƙarshen ya fi ɗaukar ido a shago, amma cikin ƙurar hunturu shi ya fi kashe maka ido; mai ɗan ja ya fi sauƙin kallo.

CRI yana auna yadda haske ke nuna launin abu na gaskiya, 100 ne ƙarshe. Na gama-gari wajen 70 suke, masu kyau 90 zuwa sama. Na ɗauka iyayi ne sai da na haska buhun jan wake da tociloli biyu: a ɗaya komai toka-toka, a ɗaya har ƙwaron da ke ciki ya fito daban. Ga mai haɗa wayoyin lantarki masu launi, ko mai duba ciwo, ko mai bambance maciji da igiya a cikin ciyawa, wannan ya fi ƙarin lumen amfani. R9 kuma awon ja ne shi kaɗai. Sai tint, wato ko farin ya karkata zuwa kore ko zuwa ruwan hoda. Yawancin 'yan harkar sun tsani kore, har da lambar auna shi, duv: sama da sifili kore, ƙasa da sifili hoda.

Sunayen da za ka ji ana jifa da su sunayen ƙwai ne. Nichia 519A na Japan shi ne abin so wajen launi mai kyau. Luminus SFT-40 da Osram W1 na cilla haske ne. Cree XHP70 na yawan lumen. In aka ce an yi wa ƙwai dedome, an cire ɗan ƙoƙon da ke kansa ne, haske ya ƙara matsewa ya ƙara ja.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kaskon da ke bayan ƙwai in sumul ne, SMO, nesa yake kaiwa. In mai gurji-gurji ne kamar ɓawon lemo, OP, haskensa ya fi laushi. TIR wani gilashin roba ne da ke maye gurbin kaskon. Tsakiyar haske mai ƙarfi hotspot, na gefe spill. Allon da ke raba wa ƙwai wuta direba suke ce masa, kuma sunan ya dace: FET direban ganganci ne, gudu da yawa, zafi da yawa, yana raguwa da raguwar batir, buck da boost masu natsuwa ne, haske ɗaya har batir ya kusa ƙarewa. PWM dabarar rage haske ce ta kunnawa da kashewa da sauri. In ka kaɗa hannu a gaban tocila ka ga yatsunka sun rarrabu kamar hotuna, nata mai jinkiri ne, yana iya sa ciwon kai. EDC kuwa duk abin da kake fita da shi kullum ne a aljihu.

In za ka sayi ta farko, abin da zan ce ka nema shi ne mai batirin 18650 ko 21700 da ake iya cirewa, mai caji a jiki, 4000K ko 5000K, CRI 90, direba mai natsuwa in kuɗin ya kai. In mai Anduril 2 ce, tana zuwa ka shiga cikakkiyar fuska, ka hau gangara zuwa hasken da ya ishe ka zirga-zirgar cikin gida, ka yi 10C tana kunne. Daga ranar, duk inda ka bar ta jiya, danna ɗaya a wannan hasken za ta dinga tashi.